Takalman Birkin Motar Taufiq

Ranar Asabar ɗin da takalman birkin ƙanena Taufiq suka ɓata, ina rumfata a kasuwar Kejetia da ke Kumasi ina sayar da kayan kwalliya. Da na dawo gida bayan azahar, na tarar da layinmu ya cika kamar ana rabon naman layya. Motarsa na tsaye a tsakar gida kan ƙafa uku, tayar gaba na jingine da bango, shi kuma yana ta zagaya ta da baƙin mai har a goshi.

Matarsa Salwa ta haihu a gidan iyayenta da ke Ejura, washegari Lahadi ne suna. Hanyar can sai an bi ta hawan Mampong, birkin motar kuwa ya daɗe yana kuka duk sanda aka taka shi. Taufiq wayoyi yake sayarwa, amma tun yana ƙarami hannunsa ba ya zama wuri ɗaya, rediyon babanmu ma bai tsira ba. Ya kalli bidiyo a waya har ya ƙoshi, ya je Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota, ya sayo sababbin takalman birki, ƙarafan nan huɗu masu baƙar fuska da ke matse faifan taya idan an taka. Ya ce motar da za ta ɗauko ɗansa na fari, da hannunsa zai gyara ta. Ya ɗaga ta da jak, ya cire taya, ya kwance notoci, ya zaro tsofaffin da suka cinye. Aka kira salla, ya wanke hannu ya tafi. Da ya dawo, sababbin sun yi ɓatan dabo.

"Shakiru ne, Yaya," ya ce da ni tun ban ajiye jaka ba. "Na ma faɗa a ƙofar masallaci, kowa ya ji."

Shakiru fita ne, wato makanike, a Magazine, abokinsa tun suna cin tuwo a kwano ɗaya a ɗakin Mmarmu, kuma shi ke duba motar nan tun ranar da aka saye ta. Da safe ya biyo, ya ga Taufiq tsugunne gaban taya, ransa ya ɓaci, ya ce a gaban mutane, "Birki ba wasa ba ne, cale, abokina. In ka gama za ka neme ni." Sannan telan da ke ƙofar gidanmu ya rantse ya ga Shakiru ya sake shiga gidan daidai lokacin da ake salla.

Labari a Zango ba ya jiran mota. Kafin in cire gyalena, har an ce Fadil direban trotro, motar haya, ya fasa kai wa Shakiru aikin ranar Litinin. Fita ba shi da abin da ya fi sunansa, domin mutane makullin motarsu suke miƙa masa su juya baya. In aka kira shi ɓarawon kayan gyara, to ya fara neman wata sana'ar. Na dubi ƙanena, na ji kamar in ɗauki tayar nan in rataya masa a wuya.

"Kar kowa ya ƙara taka wurin nan," na ce. "Zan kira Baba Seini."

*

Baba Seini ya yi ƙuruciyarsa yana koro shanu daga arewa zuwa Kumasi, a can ya koyi bin sawu. Yanzu ya tsufa, sai dai in ragon wani ya ɓata ko an ja babur a nemo shi. Ba ya kallon fuskar mutum. Shekara da shekaru ina gaishe shi, ban tabbata ya san kamannina ba, amma silifas ɗina ya san su sarai.

An yi ruwa da asuba, jar ƙasar tsakar gidanmu tana da sauran laima. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi yadda 'yan kallo suka tattake wurin, ya girgiza kai.

"Garken shanu ya fi ku hankali," ya ce. "Su aƙalla hanya ɗaya suke bi."

Ya kore kowa waje, ya bi gefen bango inda ƙafa ba ta kai sosai ba, yana tafe yana tsayawa. Ya durƙusa da ƙyar, ya leƙa ƙarƙashin motar, ya jima a haka. Na ɗauka gwiwarsa ce ta riƙe, na matsa in taimaka, sai ya miƙe da kansa.

"Waye a gidan lokacin salla?"

"Ba kowa, Baba," in ji Taufiq. "Mma ce kawai, ita ma ta wuce makarantar mata ta Asabar."

"Wa kuma ya shigo?"

Tela ya ce ban da Shakiru, ya ji muryar Rafiu mai sayen tsofaffin ƙarafa yana kiran kondem a layi. Nan take mutane suka rabu biyu, rabi na Shakiru, rabi na Rafiu. Baba Seini ya ce in biyo shi, domin ba ya shiga gidajen mutane shi kaɗai.

*

Mun sami Rafiu a bayan makaranta yana ɗaure wata mushen fanka a kurarsa. Daga arewacin ƙasa ya zo, a Zango ya koyi Hausa, kowa a bakinsa namiji ne.

"Wallahi Baba ni ban shiga ba," ya ce. "Na leƙa kawai. Hajiya ya ce babu kondem yau, na wuce."

"Mmarsu tana gida a lokacin?"

"Yana nan, yana sa mayafi zai fita."

Baba Seini ya dubi ƙafafunsa, ya dubi tayoyin kurar, ya ce mu tafi. A hanya na ce ai bai ko buɗe buhunansa ba.

"Tsofaffin takalman suna ina, Nusrat?"

"Suna nan gefen mota."

"Sifanoni fa? Da ƙarfen murza jak?"

"Duk suna nan."

"To mai kondem ɗin da zai tsallake wannan duka ya ɗauki ƙunshin leda da bai san abin da ke ciki ba, ba a haife shi ba tukuna. Kuma sawunsa a bakin ƙofa ya tsaya."

Na ji daɗi saboda Rafiu, amma sai hankalina ya ƙara tashi, domin saura mutum ɗaya ke nan.

*

Shakiru na zaune a kan benci a ƙofar ɗakinsa, bai ko cire kayan aiki ba. Maganar ta riga mu isa. Ya gaishe da Baba Seini, ya gaishe ni, sannan ya mayar da idonsa ƙasa.

"Ka koma gidan lokacin salla?" in ji Baba Seini.

"Na koma."

"Me ka je yi?"

"Ku tambayi wanda ya ce ni ɓarawo ne. Tunda ya san komai, ai ya san wannan ma."

"Haba Shakiru," na ce, "ka taimaki kanka mana."

"Yaya Nusrat, Mma ce ta yi mini wanka ina yaro. In har sai na rantse ban yi sata a gidanta ba, gara a bar ni da sunan."

Taurin kai iri ɗaya gare su shi da Taufiq, shi ya sa suka daɗe tare. Baba Seini bai matsa masa ba. Ya ce ya ɗaga masa ƙafa ɗaya ya ga ƙasan but ɗinsa, sannan ya tambaye shi ko kafaɗarsa na ciwo. Shakiru ya ɗago da mamaki, ya ce ta ɗan riƙe.

"A shafa mata man kaɗanya," in ji tsohon. "Ka zo gidan bayan la'asar."

*

Da muka koma, Taufiq na zaune a kan tayar da ya cire. Baba Seini ya wuce shi, ya tsaya kusa da tabarmar da ya baje kayan aiki, ya nuna ƙasa da sandarsa. Wata 'yar da'ira ce a cikin laimar, kamar an dangwala kofi babba, ga kiyashi sun taru a gefenta.

"A nan ka ajiye su?"

"Nan daidai."

"A ƙasa?"

"A'a. Ba a son ƙasa ko maiƙo ya taɓa fuskarsu. Suna cikin baƙar ledarsu a ɗaure, na saka a wani kwano na rufe."

"Wane kwano?"

"Kwano dai, Baba. Wanda na ci waakye, shinkafa da wake, a ciki da safe. Ɓarawon ya haɗa da shi."

"Na waye?"

Taufiq ya buɗe hannu. "Kwano ai kwano ne."

Na rufe ido. Namiji zai iya gane ƙarar injinsa a cikin motoci ɗari, amma ya shekara yana cin abinci a kwano bai san ko na gidansu ne ba. Na shiga ɗakin girki na duba, ba abin da ya ɓata a namu. Ni kuma na fita tun da sassafe, ban dafa waakye ba, Mma ma ba ta dafa ba.

Baba Seini ya riga ya bi wani sawu daga gindin da'irar, ƙananan silifas da ɗigon sanda a gefen dama. Ya bi shi ta jikin bango har ƙofar baya, wadda ba wanda ya tuna da ita duk yinin nan. Daga can sawun ya ratsa lungu zuwa gidan Hajiya Rafi'atu, ƙawar Mmarmu tun suna amare. Bai shiga ba. Ya tsaya a bakin magudanar da ke fitowa daga makewayin gidan, ya dubi ruwan da ya kwanta, mai kumfa da wani toka-toka a ƙasansa. A ranar ne na fara ganin haƙoran Baba Seini.

"Tara mini su," ya ce. "Har da Hajiyar."

*

Bayan la'asar tsakar gidanmu ta sake cika. Taufiq na gefen mota, Shakiru na can jikin bango ya harɗe hannu, Rafiu ya zo da kurarsa don kar a ce ya gudu. Mma ta dawo daga makaranta ba ta san wainar da ake toyawa ba. Hajiya Rafi'atu ta zo a ƙarshe, tana takawa a hankali kamar mai sabon lalle, aka ba ta kujera.

Baba Seini ya fara da Rafiu, ya ce ya tafi harkarsa. Rafiu ya ce shi ma yana son ya ji ƙarshen, ya gyara tsayuwa.

"Shakiru ya shigo gidan nan lokacin salla, tela bai yi ƙarya ba," in ji Baba Seini. Mutane suka fara gunaguni, ya ɗaga sanda. "Ga sawunsa na shiga, ga na fita. Na shiga ya nutse a ƙasa, takun gajere, kafaɗa ɗaya ta karkata. Na fita kuwa ko kaza ta fi shi nauyi. Ni dai tun da nake bin ɓarayi, da sauƙi suke shiga su fito da nauyi. Ban taɓa ganin wanda ya shigo da kaya ya fita hannu sake ba. Taufiq, leƙa ƙarƙashin motarka."

Taufiq ya durƙusa. A bayan jak ɗin, an tura wani ƙaton kututture da ya sha baƙin mai, irin wanda fitoci ke tokare mota da shi idan za su sa jikinsu a ƙasa. Jak ɗin nasa kuwa har ya ɗan karkata a cikin laimar. Ya daɗe a durƙushe, ya fi ƙarfin lokacin da kallon kututture ke buƙata.

Baba Seini ya juya wajen Mma. "Hajiya, kin mayar da kwano yau?"

"Na mayar. Rafi'atu ta aiko mana da waakye da safe. Zan fita na ga kwanon a ƙasa, na buɗe na ga ƙunshi a ciki, na ce Allah ya yi wa Nusrat albarka, ta bar wa Taufiq tukuici ya sa." Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Ko so kuke in mayar wa mutane kwano ba komai a ciki? A gidan wa aka taɓa yin haka?"

"Ba ki ji nauyi ba, Mma?" na ce.

"Na ji. Na ce sabulun salo ne mai kyau."

Hajiya Rafi'atu ta gyara zama. "Wane sabulu? Duwatsun goge kaushi ne, na ƙasar waje, har da ƙarfe a baya don riƙewa. Nusrat, ba ke kika ce za ki samo mini ba?"

Na faɗa mata haka kuwa, tun kafin azumi.

Ta zare silifas ta miƙo ƙafa don kowa ya shaida. Dugaduganta sun yi sumul, sun sha man kaɗanya suna ƙyalli, sai dai sun yi toka-toka kamar gindin tukunya. Ta ce ta gwada biyu, ɗaya ya fi ɗaya ci, sauran biyun ta ajiye wa 'yarta.

Tela ne ya fara dariya, daga nan kowa ya ɗauka, har Rafiu sai da ya riƙe kurarsa. Mutum biyu ne kawai ba su yi ba. Taufiq ya taka har jikin bango, ya ce, "Shakiru, ka yafe mini."

Shakiru ya kawar da kai.

"A ina ka faɗi waccan maganar?" in ji Baba Seini.

"A ƙofar masallaci."

"To nan tsakar gida ne." Ya karɓi goron da Mma ta miƙa masa, ya sa sandarsa gaba ya fita.

*

An kawo kwanon. Biyun da Hajiya ta yi aiki da su sun sha sabulu da man kaɗanya, Taufiq da kansa ya ce ba za su hau motar da za ta ɗauki jariri ba. Shagunan Magazine kuwa sun fara rufewa. Shakiru ya hau babur ɗinsa ya tafi, na ɗauka tafiyar ke nan. Rana ba ta faɗi ba sai ga shi da sabon ƙunshi. Ya ajiye a kan tabarma, ya jawo benci ya zauna nesa kaɗan.

"Ka ce da hannunka," ya ce. "Bismilla."

Taufiq ya goge faifan, ya tura fistin ɗin da ke matse takalman ya koma ciki, ya zura takalman biyu a mazauninsu, ya mayar da notoci ya ɗaure. Ya sa taya, ya sauke motar, ya koma ɗaya gefen, wannan karon shi da kansa ya ja kututturen ya tokare kafin ya taɓa komai. Shakiru bai sa hannu ba. Sau ɗaya ya yi gyaran murya, Taufiq ya duba ya ga ya juya takalmi ɗaya, ya gyara. Da aka gama ya ce masa ya shiga ya yi ta taka birkin har sai ya yi tauri a ƙafarsa, kar ya kuskura ya motsa motar kafin nan. Iyakar abin da ya shiga tsakaninsu ke nan a yammacin.

Washegari da safe muka loda kayan suna. Shakiru ya zo ɗaukar kututturensa. Taufiq ya miƙa masa makullin mota.

"Kai za ka tuƙa."

Mma ba ta jira amsa ba, ta buɗe gaba ta zauna, ta ce ita yau kusa da ɗanta Shakiru za ta zauna, kuma a bi ta gaban masallaci. Ba hanyarmu ba ce, amma Shakiru ya bi ta can.

Mutanen jiya suna nan a kan bencinansu da kofunan koko da ƙosai, har da Fadil. Shakiru ya taka birki, motar ta tsaya cak ba ko ƙara. Taufiq ya fita, ya tsaya daidai inda ya tsaya jiya, ya cire hularsa.

"Jama'a, jiya a nan na kira Shakiru ɓarawo. Ƙarya na yi masa. Ni ne na sa kayana a kwanon mutane. Shi kuwa ina zaginsa, ashe ya ɗauko kututture a kafaɗa ya tokare motar da nake sa kaina a ƙarƙashinta. Duk wanda ya kai waccan maganar wani gida, don Allah ya kai wannan ma."

Fadil ya ajiye kofinsa, ya leƙo ta taga, ya ce, "Masta, Litinin ɗin tana nan ko?" Shakiru ya gyaɗa kai.

Taufiq ya dawo ya zauna kusa da ni a baya. Mun wuce Ashanti New Town, Mma na jan carbi. Can ya matso ya dafa kujerar direba.

"Me ya sa ba ka faɗa ba tun jiya, cale? Da kalma ɗaya ka wanke kanka."

"Ba don a sani na kawo ba," in ji Shakiru, idonsa na kan hanya. "Na je gareji na kasa aiki. Na yi ta ganin jak ɗin nan a cikin laima, da kanka a ƙarƙashin mota. Na ce in ya goce, wa zai raɗa wa yaron nan suna gobe?"

Taufiq ya juya yana kallon taga, ya daɗe bai juyo ba. Ni ma na nemi bakin gyalena. Mma ta ajiye carbi, ta buɗe jaka ta ɓare goro biyu, ta miƙa rabi gaba rabi baya, ta ce wa Shakiru ya yi a hankali a hawan Mampong.